Kurangar Ƙarshe a Gidan Kawu

Ranar da aka binne Kawu, rumfar da aka kafa a ƙofar gidansa a Hawata ba ta ɗauki mutane ba. Wasu suka zauna a gindin katanga, wasu a kan amalanken jaki. Duk wanda ya iso sai ya buɗe tafin hannu ya ce Fatiha, a amsa masa, ya ce "Albaraka fikum," ya nemi wuri. Ni ina cikin gida wajen mata, ina zuba shayi har hannuna ya daina jin zafin buta.

Da yawa cikin masu ta'aziyyar ba su san sunansa na yanka ba. A tasha suka tambayi gidan mai inabi, aka nuna musu. Wani tsoho da suka yi yankan riɗi tare a Fashaga tun suna samari ya ce bai taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba, ya faɗa yana share ido da bakin rawani. Wata mai sayar da shayi ta ce lokacin da ta haihu ta kwanta ciwo, shi ya aiko mata da abin da ya fara zama a cikinta. Akwai kuma wata mata 'yar Dindir, ba danginmu ba ce, gudun yaƙi ya kawo ta gidan. Ita ta fi mu kuka. Ta zauna a bayan ɗaki ta ƙi ci, ta ƙi a lallashe ta.

A rana ta biyu wani maƙwabci ya tambaya a hankali, "To, itacen nan fa, wa zai kula da shi?"

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya ce, "Mutane na mutuwa ko'ina, kai kana tambayar itace."

Ni dai tambayar ta zauna mini a ƙirji, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ni malamar makaranta ce a cikin garin Gadarif, ko da yake azuzuwanmu yanzu masu gudun yaƙi ne ke kwana a ciki. Kakanninmu daga yamma suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Rahad, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya. Har yau muna nan. Dawa da riɗi muka sani, su muka gada. A duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa dasa inabi sai shi.

Yana saurayi ya bi 'yan ƙwadago zuwa Basunda, daga nan ya haye tsaunukan Habasha neman aiki. Ya samu a gonar wani tsohon Bature ɗan Italiya, wanda ya kawo kurangar inabi daga ƙasarsu ya dasa a kan tudu. Farin inabi ne, manyan 'ya'ya, in ya nuna sai ya yi launin zuma, ƙamshinsa kuma kamar na fure. Kawu yana son ba da labarin ranar da ya tambayi sunan irin.

"Ya ce mini sunansa Zibibo. Na ce, ai wannan sunan namu ne, zabibi. Ya ce a'a, nasu ne tun kakanni. Na ce to kakanninku wajenmu suka ara."

Baturen bai ɓoye masa ba cewa a ƙasarsu matse shi ake yi a yi giya, shi ma abin da yake yi da shi ke nan. Kawu ya yi masa aikin ban ruwa da yankan rassa shekara biyu, amma duk lokacin matsa sai ya ɗauki sandarsa ya sauka gari. Da zai dawo gida, ya roƙi rassa bakwai, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Biyu suka kama. Daga biyun nan ya yi ta yanka yana dasawa har suka zama goma sha ɗaya a bayan gidansa, sun rufe doguwar rumfa.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane wahalar da ke cikin wannan ba. Ƙasarmu baƙa ce. Da damina ta kumbura ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige. Don haka kowace kuranga sai da Kawu ya haƙa mata rami iya ƙirji, ya jera duwatsu a ƙasa, ya ɗebo yashin kogi a kan jaki ya cakuɗa da tsohon takin shanu, ya cika ramin ya yi masa tudu. Yana zuba toka da ganyen darbejiya a gindi saboda gara. In ganye ya fara yin fari-fari kamar an watsa gari, sai ya daka farar wuta ya ɗaure a tsumma ya bi yana kaɗawa da sassafe. In nonon inabin ya fito, ya ɗauki almakashi ya rage 'ya'yan da suka cushe, sannan ya sa wa kowane nono 'yar jaka saboda tsuntsaye. Matarsa, wadda muke kira Iya, ita ke ɗinka jakunkunan daga tsofaffin jallabiyoyinsa, tana ɗinki tana mita.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda yake hana ta ruwa. Da zarar damina ta ɗauke, sai ya bar kurangar da ƙishirwa har ganyen ya yi ja ya fara zuba. Muna yara mukan ce, "Kawu, za ta mutu."

Sai ya ce, "A ƙasarsu sanyi ne ke sa ta barci. Nan ba ta da sanyi, sai ni in sa ta. In ba ta yi barci ba ganye kawai za ta yi muku."

Bayan nan ne yake yi mata abin da yake kira aski. Ya wasa wuƙa ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya, ya bar rumfar tsirara kamar an yi gobara. Sannan ya zuba taki, ya sake mata ruwa. Kafin mako biyu toho ya fito. In lokacin ɗiba ya yi, a farkon zafi, ba ya barin kowa ya taɓa sai ya ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasan nono. Ya ce ita ke nuna a ƙarshe, in ta yi zaƙi to sauran sun yi.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Bai iya koyarwa ba. In ka riƙe wuƙa ba daidai ba, ƙwace ta zai yi ya ce ka je ka kawo ruwa. Yaya ya yi ƙoƙari sau biyu, sau biyun aka kore shi, daga nan bai ƙara leƙa bayan gida ba. Akwai shekarar da riɗinsu ya bushe a gona ya fashe ya zube a ƙasa, don Kawu ya tsaya aski bai je yanka a kan lokaci ba. Iya ta yi wata guda ba ta gaishe shi da kyau. Kuma bai taɓa kai ko nono ɗaya kasuwa ba. Marasa lafiya da masu jego ne ke fara samu, sannan tsofaffi, sannan mu.

Rigimarsa mafi tsawo da mahaifina ya yi ta. Baba malami ne, yana karantar da manya a zaurensa bayan la'asar. Wani ɗan kasuwa da ya yi yawo ya gaya masa cewa irin da surukinsa yake nomawa shi ne ainihin wanda Turawa ke yin giya da shi. A shekarar Kawu ya kawo masa nonon farko da kansa, a cikin kwano, a gaban ɗalibai. Baba bai miƙa hannu ba.

"Na gode, amma ka mai da shi. Na ji abin da ake yi da wannan iri."

Kawu ya ce, "A gidana aka yi?"

"Ba a gidanka ba. Amma asalinsa ke nan, don shi aka yi renonsa."

Kawu ya dubi ɗaliban, ya dubi Baba. "Malam, asidar da ka ci da rana ta dawa ce ko? Da dawar nan ake yin giyar marisa a bayan kasuwa, har yanzu ban ji ka daina cin tuwo ba."

Wani cikin ɗaliban ya yi dariya. Dariyar nan ce Baba bai yafe ba. Shekara goma sha ɗaya ba su zauna a tabarma ɗaya ba, sai dai gaisuwar masallaci. Kowace shekara Kawu ya aiko da nonon farko, kowace shekara a mayar masa. Sai ya koma shanya wani a kan rufin ɗaki ya zama zabibi, ya ba mahaifiyata a ƙulle, ita kuma ta riƙa watsawa a abincin buɗa-baki. Baba yana ci, bai taɓa tambaya ba.

Da Baba ya rasu, Kawu ne ya yi masa wanka. Bayan kwana uku mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, ya sani fa. Tun shekarar farko ya sani. Cewa ya yi kar in gaya maka."

Na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya. "Ya sani, ya bar ni shekara goma sha ɗaya ba ni da abokin hira?" Ya fita ya bar takalminsa. Daga baya na same shi a ƙarƙashin rumfa yana kuka, da ya gan ni ya ce in tafi, ƙura ce ta shiga masa ido.

Sannan yaƙi ya zo. Bai iso Hawata da bindiga ba, da mutane ya iso. A tsakiyar damina suka fara shigowa daga wajen Sinja da Dindir, a ƙafa, taɓo har gwiwa, wasu ɗauke da tsofaffinsu a baya. Kawu ya buɗe ƙofa. Dangi suka fara zuwa, sai dangin dangi, sai waɗanda ba wanda ya san su. Rumfar da ba ya barin mu mu yi wasa a ƙarƙashinta, ita ya shimfiɗa wa tabarmi ya rataya buhuna a gefe, iyali biyar suka zauna a ciki. Yara suna tsinkar ganye, ana shanya wanki a kan rassa. Na ga yana kallo, amma bai hana su ba.

Da rani ya shiga, ruwa ya zama shi ne magana. Injin ban ruwa ya tsaya don ba mai. Rahad ya janye ya bar 'yan kududdufai, su ma da nisa. Mai amalanken ruwa in ya zo yau ba ka san ranar da zai dawo ba. Mutum sama da talatin a gida, ga kuranga goma sha ɗaya, kowace tana son nata. Kawu ya fara zaɓe. Sai ya tsaya a gaban ɗaya ya daɗe, ya dafa ta, ya wuce da bokiti zuwa ta gaba. Wadda ya tsallake ta bushe cikin 'yan makonni. Shi da kansa yake sare ta ya kai wa mata su hura wuta, ba ya yarda wani ya sare.

Na je hutu na same shi ya rame, wuyansa duk jijiya. Yana da shekara wajen tamanin, amma kullum da safe zai ɗora jarka biyu a kan jaki ya tafi kududdufi. Na ce, "Kawu, ka bar su haka, ranka ya fi."

Ya ce, "'Yar nan, in na bar su duka, a ƙasar nan babu inda za a sake samun irin. Baturen ya mutu, gonarsa an ce ta zama fili. Waɗannan ne kaɗai na sani."

Yana da ganga ɗaya da ya tara wa lokacin fure, don a nan ne in ruwa ya yanke 'ya'yan ke zubewa. Ya rufe ta ya ɗaure da igiya, kowa ya san ba a taɓa ta. A makon ne gudawa ta kama yara uku a rumfar, biyu na matar nan 'yar Dindir. Ana bukatar ruwan da za a tafasa a ba su, da na wanke su da shimfiɗarsu, mai amalanke kuma kwana huɗu bai zo ba. Matar ba ta roƙa ba. Tana zaune da ƙaramin a cinya, leɓensa ya bushe, tana kallon ƙasa. Kawu ya kwance igiyar ya mirgino gangar har gabanta.

Ta ce, "Baba, na itacenka ne."

Ya ce, "Tafasa ki ba shi. Kar ki tsaya magana."

Babban yaron ya tashi, da ɗan maƙwabciyarta. Ƙaramin bai tashi ba, Kawu ne ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta. Furen ya zube kusan duka. A shekarar nono huɗu kawai aka samu, ƙanana. Ya tara yaran gidan ya bi su yana ba kowa ƙwaya biyu, shi bai sa ko ɗaya a baki ba. Kafin ruwan sama ya dawo, kuranga uku suka rage, su ma sun jigata.

Kawu yana da hawan jini, akwai ƙwayar da yake sha kullum. A ƙarshen daminar bana ta ƙare, a Hawata babu. Yaya ya kira ni. Na bi shagunan magani na Gadarif tun safe har rana ta faɗi, wannan ya ce ta ƙare, wancan ya ce in dawo mako mai zuwa. Kwana uku ina yawo kafin wani ya ciro mini rabin kati daga aljihun tebur. Na hau babbar mota, ta kafe a taɓo a hanya, muka yi kwana biyu a wurin. Ina zaune a kan buhu da maganin a cikin tafin hannuna, ina kallon maza suna tura mota tana ƙara nutsewa.

Da na isa, ɓarin jikinsa ya riga ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya gane ni. Ya ɗaga hannun da ke motsi ya nuna bayan gida, ya yi ta magana, ya daɗe yana yi. Na kai kunnena bakinsa, ban gane ko kalma ɗaya ba. Ya sake, ban gane ba. Idonsa ya cika da ƙwalla don takaici. Sai na ce, "To Kawu, na ji. Zan yi." Ya saki hannuna, ya kwantar da kai. Ban ji komai ba, ƙarya na yi masa, a kanta kuma muka rabu. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar bakwai mutane suka watse. Yaya ya koma gona don riɗi ya isa yanka. Ni na tsaya a gaban kurangar nan uku, ganyensu ya yi duhu, rassan sun harɗe. Na san lokacin aski ya yi ko ya kusa. Na ga ana yi fiye da sau talatin, amma da na ɗauki wuƙarsa sai na ga ban san komai ba. Na tuna dai yana barin rumfar tsirara. Don haka na sare ta farko har tsohon itace, na sare ta biyu. Ruwa ya fara ɗiga daga bakin yankan, fari tas, yana sauka a ƙasa.

Iya tana takaba a ɗakinta, yanar ido kuma ta rufe mata gani, sai dai haske da duhu. Ta ji ƙarar sara ta kira ni.

"Me kike yi a baya?"

"Aski, Iya."

"Ƙasa ta bushe?"

Na ce ban duba ba.

"Kin bar idon toho nawa a reshen bana?"

Na ce ban san reshen bana ba. Sai ta ce in kama hannunta in kai ta. Ta shafa inda na yanka, ta taɓa ruwan da ke ɗiga ta murza a yatsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Shekara hamsin ina zagin itacen nan, ina kallonsa yana yi. Bai taɓa tambayata ko na iya ba. Ki bar ta ukun, sai ganye ya zuba."

Biyun da na yanka sun yi kwanaki suna ɗiga, sannan suka tsaya, gara ta hau su. Ta ukun muka jira ta mako uku. Ranar da za mu yi, Iya ta sa aka kawo mata kujera. Ta riƙa bin reshe da yatsa, ta nuna mini mai santsi shi ne na bana, mai ɓawo shi ne tsoho. Ta ƙirga ido biyu daga gindin reshe, ta ɗora ɗan yatsana a sama da na biyun ta ce, "Nan. A karkace, sau ɗaya." Haka muka bi ta duka. Muka zuba taki. Matar Dindir da babban ɗanta suka yi sawu huɗu zuwa kogi, muka cika mata gindi da ruwa. Rassan da muka yanke na dasa tara a gwangwanaye, ba wanda ya kama.

Yau kwana ashirin da uku da askin. Toho bai fito ba. Iya ta koya mini in kankare ɓawo kaɗan da farce, in ƙarƙashinsa kore ne to da rai. Kullum bayan sallar asuba, in gari ya waye, sai ta kira ni daga ɗaki ta ce, "Je ki duba." In dawo ta ce, "Kore ne?" In ce kore ne.

Da safen nan na kankare reshen sama, na tarar ya bushe. Na sauko na kankare na ƙasa da shi, shi ma haka. Na bi gangar jikin ina kankarewa ina saukowa har na durƙusa. Sai da ya rage taƙi ɗaya tsakanina da ƙasa sannan na ga kore, siriri, bai kai faɗin farce ba. Na rufe wurin da jiƙaƙƙen tsumma na koma ciki.

Ta ce, "Kore ne?"

Na ce, "Kore ne, Iya." Ban gaya mata a ina ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafin harshensa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da 'ya'yan mutane. In kuma akwai wanda ya karanta wannan ya san yadda ake ceto kurangar da ta mutu daga sama, ya aiko mana da magana Hawata. A tasha ya tambayi gidan, za a nuna masa. Kar ya daɗe.